Wanda harbin zuma ya taɓa zubar da shi: allurar sabo ta shekara biyar, ko yawo da adirenalin a aljihu?

Yawancin masu cewa "ni jinina ba ya shiri da zuma" ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin hanyoyi biyun da za a kwatanta a nan, wato yawo da allurar ceto ta adirenalin, da allurar sabo wadda ke sa jiki ya saba da dafin. Don haka kafin a kai ga wacce ta fi, sai mutum ya zauna ya tuna dalla-dalla abin da harbin ƙarshe ya yi masa. Likitan da ya san aikinsa ma daga nan yake farawa, tun kafin ya ɗebi jini.

Akwai wanda zuma za ta harba a yatsa, hannun ya yi suntum har gwiwar hannu, ya kwana biyu yana ƙaruwa, sai ya kusa mako kafin ya saɓe. Abin da ban tsoro a ido, amma daga wurin harbin kumburin ya taso, kuma a nan ya tsaya. Idan faɗinsa ya wuce santimita 10 ya kuma haura sa'a 24, likitoci na ɗaukarsa babban kumburin wurin harbi. Mai irin wannan, yiwuwar harbi na gaba ya ratsa masa jiki duka bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma ko a cikin waɗannan, kaɗan ne abin ke tsananta musu. Ƙanƙara a cikin tsumma, ɗaga hannun sama, da ƙwayar ƙaiƙayi irin Piriton sun wadatar. Kafson kashe ƙwayoyin cuta da mai kemis ke haɗa wa mutum ba shi da aiki a nan, domin ja da zafin na dafi ne.

Akwai kuma wanda harbin a ƙafa ne amma borin jini ya feso masa a ciki da baya da wuya, fatar ido ta kumbura, numfashi da hankali kuwa lafiya lau. Wannan ya bar wurin harbi, sai dai a fata ya tsaya. Ga yara, kusan ɗaya cikin goma ne abin ke maimaita wa, kuma da wuya ya fi na farko muni. Ga manya ma, ƙa'idar likitocin Amurka ta 2016 ta ce ba lallai a ɗora su a kan doguwar allura ba. Ta Turai ta 2018 ta bar ƙofa a buɗe ga baligin da fargaba ta hana shi sakat.

Na ukun shi ne wanda aka yi wannan rubutu dominsa. Cikin 'yan mintoci, galibi kafin rabin sa'a, tafin hannu da tafin ƙafa su fara ƙaiƙayi, maƙogwaro ya matse, murya ta dishe, ƙirji ya riƙa fito, ga jiri, ga amai ko murɗar ciki, gani ya dushe, mutum ya zube. Anafilaksis ke nan. Wani ma ko ɗigon bori ba ya fito masa, faɗuwa kawai yake yi. Baligin da ya taɓa shiga wannan hali, idan aka sake harbinsa ba a yi masa komai ba, yiwuwar abin ya dawo tana tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kuma ko bayan shekara goma haɗarinsa bai koma daidai da na kowa ba. A Amurka, inda ake rubuta sanadin kowace mutuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙirga mutum 1,109 da harbin zuma da dangin rina ya kashe tsakanin 2000 da 2017, wato wajen 62 a shekara, kusan kashi 80 cikin 100 maza.

A ware wani abu daban daga lissafin. Wanda taron zuma ya rufe a gindin kuka ko wajen ɗibar zuma a kogon itace, ɗaruruwa suka harbe shi, yawan dafi ne ke illata shi: tsoka ta lalace, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya. Wannan yana iya samun kowa, kuma allurar sabo ba ta kare shi. Maganinsa gadon asibiti, ƙarin ruwa da sa ido a kan ƙoda. Zumar Afirka ta fi ta Turai saurin fushi da nacin bin mutum, amma ba dafin guda ɗaya ne ya fi ƙarfi ba, yawan masu fitowa ne.

Hanyar adirenalin

Hanya ta farko ba ta canza komai a jikin mutum. Shiri ne domin ranar da abin zai faru: kauce wa harbi iya ƙoƙari, da riƙe allurar adirenalin duk inda za a je. Tamkar tulun ruwa ne a gefen rumbu, ba ya hana gobara tashi, amma idan ta tashi shi ne abin da ke kusa.

Adirenalin yana matse jijiyoyin jinin da suka saki, ya buɗe hanyar iska, ya rage zubowar histamin, sinadarin jiki mai haddasa ƙaiƙayi da kumburi. Babu wani magani da ke yin waɗannan cikin mintoci. Piriton ƙaiƙayi yake ragewa, haidirokotizon kuwa sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya fara aiki, amma sau da yawa su ake fara ɗaukowa, adirenalin na cikin durowa ana shakkarsa. A gefen cinya ta waje ake yinsa, cikin tsoka. Baligi miligiram 0.5 ne idan daga kwalba za a zuƙa, wato rabin mililita na mai ƙarfin 1 cikin 1,000. Allurar da aka riga aka ɗura mai siffar biro, irin su EpiPen, ta manya miligiram 0.3 ce, ta yaro mai nauyin kilo 15 zuwa 30 kuma 0.15, ana ma iya soka ta ta saman wando. Idan minti 5 ya wuce ba sauƙi, a sake. Dalilin da ya sa ake cewa a riƙe biyu ke nan.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Mai anafilaksis kwantar da shi ake yi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a jingina shi ƙafafu a miƙe. Tayar da shi tsaye ko zaunar da shi farat ɗaya yana iya hana jini komawa zuciya, kuma an samu waɗanda suka mutu a daidai wannan lokacin. To mu kuwa abin da muka saba shi ne a ciccibi mutum a ɗora shi a babur, a sa shi tsakiya, wani ya tallafe shi ta baya, a kama hanyar asibiti. Allura tukuna, sannan mota ko keke mai ƙafa uku inda zai iya kwanciya. Kuma ko ya farfaɗo tas, asibitin dai za a je, domin abin kan dawo bayan wasu sa'o'i.

Amfanin wannan hanya a fili yake: ana iya fara ta yau, ba ta neman likita na musamman, ba ruwanta da ko zuma ce ko rina ko tururuwa. Raunin nata ne ke buƙatar a tsaya a kai.

Na farko samuwa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙasashen duniya ake sayar da biron adirenalin a cikinsu, mafi yawa masu arziki. Ko a Amurka sai da aka yi ce-ce-ku-ce a 2016 da farashin EpiPen guda biyu ya kai wajen dala 600. A watan Agustan 2024 an amince da wani na shaƙawa ta hanci mai suna Neffy a Amurka, Turai ma ta amince da shi, amma wannan bai sauya halin mai noma a Funtuwa ko Madarunfa ba. Abin da ke hannunmu shi ne 'yar kwalbar adirenalin, wadda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ga ta da araha. Sai dai ka ƙaddara kanka a wannan hali: hannu na rawa, gani na dishi-dishi, ka karya wuyan kwalba, ka zuƙi rabin mililita daidai, ka fitar da iska, ka soka. Ba kowa ke kai wa ba. Dabarar da likitoci ke yi a ƙasashen da ba biro ita ce ma'aikacin lafiya ya zuƙa a sirinji tun da wuri, a rufe bakin allurar, a rubuta kwanan wata a filasta a manna, a ajiye a gidan tabarau don kada haske ya taɓa shi. Irin wannan wata biyu zuwa uku yake yi a sake sabo. Idan ruwan ya sauya launi ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, a zubar.

Na biyu zafi. Biron ana so ya zauna a wurin da bai wuce digiri 25 ba, ba kuma a firji ba. A watan Afrilu, Sakkwato da Maraɗi da Maiduguri na haura 40. Wanda ya bar shi a aljihun mota ya ƙona kuɗinsa. Ko an adana shi da kyau, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi wa'adinsa ke cika.

Na uku halin ɗan Adam. Ana mantawa da shi a gida, ana jinkiri ana cewa bari a gani ko zai wuce, ana tsoron allura. Wanda jininsa ke faɗuwa cikin minti biyu ko uku kuma yana iya sumewa kafin ya zaro shi. Sannan akwai nauyin da ke zuciya. A Groningen ta ƙasar Holan, Oude Elberink da abokan aikinta sun raba masu wannan matsala gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su EpiPen kawai, wasu aka ɗora su a kan allurar sabo. Sakamakon da suka wallafa a 2002 ya nuna cewa bayan shekara guda masu allurar sabo hankalinsu ya ƙara kwanciya, masu biro kaɗai kuwa ba su ƙaru ba, sai ma raguwa. Biron kullum tuna wa mai shi yake yi cewa yana cikin haɗari.

Hanyar allurar sabo

Ita wannan jikin take horarwa. Ana tatsar dafin ƙwaron, a tace, a auna, a riƙa yi wa mutum allurarsa ƙarƙashin fatar damtse daga ɗan mitsitsi ana ƙarawa, har a kai maikirogiram 100, kwatankwacin harbin zuma ɗaya zuwa biyu, ko harbin rinar Turai da yawa. Matsalar mai anafilaksis ita ce garkuwar jikinsa ta ƙera wani sinadari, IgE, wanda da ya ji dafin sai ya sa wasu ƙwayoyin jiki su fashe da histamin lokaci guda. Allurar sabo na sa jiki ya ƙera wani daban, IgG4, mai tare dafin kafin ya kai ga IgE, ta kuma ƙarfafa ƙwayoyin da ke lallashin garkuwar. Kariyar tana samuwa da zarar an kai cikakken awo, ba sai an jira shekaru ba. Shekarun na tabbatar da ita ne don ta zauna bayan an daina.

Tarihinta na da darasi ga mai saurin yarda da magani. Daga wajen 1930 har kusan shekara hamsin, abin da ake yi wa mutane shi ne ruwan ƙwaron da aka niƙe gaba ɗayansa, kowa na ganin yana aiki, domin ai dama kusan rabin masu matsalar ba ya dawo musu a harbi na gaba. Sai a 1978 likitocin Johns Hopkins a Amurka, Hunt da Lichtenstein da abokansu, suka gwada da gaske: suka raba marasa lafiya uku, sannan suka sa ƙwari masu rai suka harbe su a asibiti. Cikin 18 da aka yi wa tsantsar dafi, mutum ɗaya abin ya taɓa. Cikin 11 masu niƙaƙƙen ƙwaro, 7. Cikin 12 da aka yi wa allurar da ba komai a ciki, 7. Wato niƙaƙƙen ƙwaro da ruwan banza duk ɗaya. Shekara ta gaba aka amince da dafin a Amurka.

Alƙaluman da ƙa'idar Turai ta 2018 ta kawo su ne: allurar na kare kashi 91 zuwa 96 cikin 100 na masu matsala da dafin rinar Turai, da kashi 77 zuwa 84 na masu matsala da dafin zuma. A lura da wannan tazara, domin mu zuma ce babbar mai harbinmu. Ita ce kariyarta ta fi ƙasa, ita ce kuma allurarta ta fi tayar da jiki, ninki uku zuwa shida a kan ta rina. Shi ya sa ga mai kiwon zuma, ko wanda aka sake harbi abin ya taɓa shi duk da allurar, likita kan ɗaga awon zuwa 200. Duk da haka, saukowa daga rabi-da-rabi zuwa ɗaya cikin biyar ba ƙaramin abu ba ne, kuma waɗanda abin ya taɓa a kan allura galibi yana zo musu da sauƙi fiye da na da.

Ita kanta allurar tana da nata haɗarin. Kumburin damtse abu ne na yau da kullum, shan ƙwayar ƙaiƙayi kafin a je yana rage shi. Tsakanin kashi 8 zuwa 20 cikin 100 kuma abin na ratsa musu jiki a wani mataki, yawanci lokacin da ake ƙara awo, yawanci kuma mai sauƙi. Saboda haka ba a yin ta a gida ko a kemis. Bayan kowace allura sai ka zauna a benci minti 30 a gaban ma'aikaciyar jinya, adirenalin da iskar oksijin na kusa, a duba damtsen kafin a sallame ka, ranar kuma ba gudu ba aikin ƙarfi.

Wajen hawa zuwa cikakken awo akwai zaɓi. Tsohuwar hanya allura ɗaya ce a mako har wata uku zuwa huɗu: ta fi sauƙi a jiki, amma duk tsawon watannin ba ka da cikakkiyar kariya. Akwai ta tsakiya, allura biyu ko uku a zuwa ɗaya, a gama cikin makonni kaɗan. Akwai ta gaggawa, a kwantar da mutum kwana uku zuwa biyar ana yi masa da yawa kullum. Akwai ma wadda ake gamawa cikin 'yan sa'o'i a yini ɗaya, da robar ƙarin ruwa a hannu don ko-ta-kwana. Gwargwadon sauri, gwargwadon yiwuwar jiki ya tayar, musamman da dafin zuma. Wanda gidansa ke kusa da asibiti kuma ba ya shiga daji, ban ga dalilin da zai sa ya yi gaggawa ba. Wanda ya zo daga nesa, ko aikinsa ke kai shi bakin amya, gaggawar ta fi masa.

Sai dai gaggawar hawa ba ta gajarta abin da ke biyo baya, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa. Bayan an kai awo, allura ce duk mako 4 a shekarar farko, duk mako 6 a ta biyu, duk mako 8 daga ta uku zuwa ta biyar. Idan ka lissafa, zuwa asibiti wajen 40 ke nan, ban da na hawa. Mafi ƙaranci shekara uku, biyar ta fi, kuma ga wanda abin ya kusa kashe shi biyar ɗin ake nufi ko fiye. Bayan an daina, akasari kariyar na ɗorewa, amma wajen mutum ɗaya cikin goma abin na dawo masa da tafiyar shekaru, masu matsala da zuma sun fi masu matsala da rina. Kuma allurar sabo ba ta sallamar adirenalin nan take. Lokacin hawa dole a riƙe shi, masu matsala da zuma da masu babban haɗari kuwa ana so su ci gaba da riƙewa. Ashe dai zaɓin ba "wannan ko wancan" ba ne: adirenalin kaɗai, ko adirenalin da allurar sabo.

Ba a ɗora kowa a kanta sai gwaji ya tabbatar, ko na fata ko na IgE a jini, kuma an fi so a yi shi bayan mako huɗu zuwa shida da harbin, domin da wuri yana iya nuna babu alhali akwai. Gwajin kaɗai kuma ba hujja ba ne. Manya da yawa, fiye da ɗaya cikin biyar a wurare da dama, gwajinsu na nuna akwai amma harbi ba ya yi musu komai. Girman lambar da ta fito ma ba ya nuna tsananin abin da zai faru. Wanda bai taɓa shiga hali ba, kada ya je ya sayo wa kansa fargaba a ɗakin gwaji. Wanda ya zube ba tare da bori a fata ba kuwa, ya nemi a auna masa sinadarin tiriptes. Idan ya haura 11.4 sai a bincika ko yana da mastosaitosis, cutar da ƙwayoyin histamin ke yin yawa a jiki. Mai ita shi ya fi kowa buƙatar allurar, kuma tasa ta har abada ce.

Ba a fara ta ga mai juna biyu, amma wadda ta riga ta kai awo lafiya tana iya ci gaba. Mai asma sai an daidaita asmar. Mai shan maganin hawan jini irin atenolol ko lisinopril, da can ana ɗari-ɗari da shi, yanzu an sassauta, domin ciwon zuciya da tsufa su ne ma ke sa harbi ya fi kisa. Kada dai ya daina maganinsa da kansa.

Wace ƙwaro ce ta yi harbin? Wannan tambaya ta fi mana nauyi fiye da yadda take ga Bature. Zuma na barin ƙarinta a fata ta je ta mutu, kuma abin da ake so shi ne a cire shi cikin daƙiƙu, ko da farce ko da yatsu, saurin ne ke da muhimmanci. Rina ba ta barin ƙari, tana kuma iya maimaitawa. Zumarmu jinsi ɗaya ce da ta Turai, Apis mellifera, saboda haka dafin da ke cikin kwalbar kamfani ya dace da mai matsala da ita. Rina fa? Dafin rinar da ake sayarwa na jinsunan Turai da Amurka ne, su Vespula da Polistes. Doguwar rinar nan mai siririn ƙugu da ke rataye gidanta a ƙarƙashin rufin kwano da azara, yawancinta Belonogaster ce, ba ta cikin kwalaben. To ka ga kashi 96 ɗin can ba da rinarmu aka auna shi ba. Haka ma tururuwa. Ostireliya ta yi nata dafin domin wata tururuwar Tasmaniya, gwajin da aka wallafa a 2003 ya nuna yana aiki ƙwarai, Amurka na da tata allurar ta jar tururuwar kudancinta. Amma baƙar tururuwar da Larabawan Saudiyya da Daular Larabawa ke kira samsum, wadda sunanta na kimiyya ya samo asali daga Sennar ta Sudan, tana jefa mutane cikin anafilaksis, kuma masu matsala da ita adirenalin ne madogararsu. Duk wanda abin ya taɓa, ya ɗauki hoton ƙwaron ko gidanta idan da hali, zai yi wa likita amfani fiye da dogon bayani.

Masu kiwon zuma za su ce ai su harbin ne ya saba musu, ba allura. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Binciken da aka yi a Faransa ya nuna waɗanda ake harbi fiye da sau 200 a shekara kusan ba abin da ke samunsu, waɗanda ake harbi ƙasa da sau 25 kuwa su ne suka fi shiga haɗari. Wato mai amya biyu a bayan gida, da matarsa mai wanke kayan aikin, da yaran da ke wasa a wurin, sun fi tsohon gwani haɗari. Amma wanda ya riga ya taɓa zubewa, kada ya ce zai sa zuma ta riƙa harbinsa don ya saba. Allurar asibiti daga ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na harbi ba take farawa, zuma kuwa ba ta awo. A 2018 likitoci a Madrid sun ba da rahoton wata mace mai shekara 55 da ta shekara biyu ana yi mata magani da harbin zuma mai rai ba abin da ya same ta, rana ɗaya ta sume a wurin, ba adirenalin a kusa, daga baya ta rasu. Shan zuma ma, duk albarkar da ke cikinta, ba ya horar da jiki a kan dafi, kuma ɗigon ƙarƙashin harshe da ake yi wa masu atishawar fure ba a yarda da shi a kan dafi ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Ɗalibi ko ma'aikaci da ke zaune a Ingila, Jamus, Amurka ko makamantansu, wanda harbi ya taɓa shaƙe shi ko ya sumar da shi, a ganina ba abin dogon tunani ba ne, ya nemi likitan unguwarsa ya tura shi asibitin masu wannan fanni. A Ingila hukumar NICE mai tantance magunguna ta amince da maganin tun 2012 ga masu tsanani, da masu matsakaici idan tiriptes ɗinsu ya hau, ko harbi na yawan samunsu, ko fargaba ta yi musu yawa. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu na da asibitocin da ke yin na zuma. Yaron da abin ya taɓa wa numfashi shi ma ya cancanta, yara ma sun fi manya cin moriya. Golden da abokansa sun bi sawun yara har shekara 10 zuwa 20, suka wallafa a 2004 cewa masu matsakaici ko tsanani da ba a yi wa allura ba, kusan ɗaya cikin uku abin ya dawo musu, waɗanda aka yi wa kuwa 'yan kaɗan ne. Uwar da ɗanta bori kawai ya fito wa, ta kwantar da hankalinta, ta dai kai shi likita ya gani.

Mai wuyar shi ne mai kiwon zuma ko manomin da ya taɓa zubewa, kuma babu asibitin allurar sabo a inda zai iya zuwa duk wata. Zuma ga zaƙi ga harbi, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya bar sana'ar da ya gada. Amma da zan ba shi shawara, sai in ce ya miƙa amyoyin ga ɗan'uwa su riƙa raba riba, a kuma nisanta su da gida. Ya sa takalmi rufaffe a gona, ya yi hattara da bakin rijiya da famfo lokacin rani, da wurin masu rake da mangwaro da injin niƙa, inda zuma ke taruwa. Ya riƙe sirinji biyu, ya koya wa matarsa da babban ɗansa da abokin aikinsa inda za su soka, kada kuma ya tafi daji shi kaɗai.

Wanda ke da halin fita waje ya yi hawan gaggawa ya dawo gida, ya warware maganar shekarun da ke gaba tun kafin ya sayi tikiti. Wane likita ne a garinsu zai riƙa yi masa allurar wata-wata, kuma yana da kayan ceto a ɗakin? Ta ina kwalaben za su riƙa zuwa, kuma wane firji ne zai riƙe su tsakanin digiri 2 da 8 idan an ɗauke wuta? Idan dafin kamfanin da aka fara da shi ya yanke, kamar yadda aka yi ƙarancinsa a Amurka wajen 2016 da 2017 lokacin da ɗaya daga cikin masu samarwa ya tsaya, sauya kamfani na iya sa a rage awo a sake hawa. Haka idan aka tsallake wa'adi da makonni, likita zai rage awon, idan watanni suka yi yawa kuwa sai a koma farko. Ya nemi asibitin da ya fara masa ya rubuta masa duk wannan a takarda: sunan dafin, awon, tazarar allura, da abin da za a yi idan an makara.